Kafin a Yanka Kazar Kirsimeti

Ka shiga kowane shagon tela a Sabon Tasha ta Kaduna, ko Tudun Wada ta Jos, ko Sabon Garin Kano, a mako na biyu na Disamba, abu ɗaya za ka tarar. Janareto na ruri a bakin ƙofa, ƙurar hunturu ta lulluɓe ledojin atamfa da aka jibge har kusa da rufi, yaran shago idanunsu sun yi jawur don rashin barci. Sai ga wata mata ta shigo da ankon zumuntar mata a hammata, ta ajiye a kan tebur.

"Malam, don Allah kafin ranar karol nake so. Lahadi mai zuwa ke nan."

Tela bai ɗago kai daga keke ba. "Mama, ai na bara ma da saura. Dubu huɗu."

"Haba malam, ka bari mu wuce Kirsimeti mana. Kai ma ka san yadda gari yake."

Ya karɓi ɗinkin, don ba ya so ya rasa mai kawo masa aiki. A kan benci kuwa wata matar na zaune tana jiran nata. Atamfarsu iri ɗaya ce, majami'arsu ɗaya, ranar Lahadi kuma a sahu ɗaya za su tsaya su rera waƙar haihuwar Mai Ceto. Ba su gaisa ba. Kowa a unguwa ya san tun rikicin kuɗin adashe suka daina ga maciji da juna.

Wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mu Kiristocin Arewa mun iya shirin Kirsimeti, babu mai raina mana. Tun Janairu wasu ke zuba adashen shinkafa da man gyaɗa. Tun Oktoba maza ke haɗa kuɗin watanda. Ana kiwon zakara musamman don ranar, ana shafe ɗaki, ana kama kujerar mota zuwa gida. Mun yarda ba a fafe gora ranar tafiya, amma a kan tukunya da tufafi kaɗai muka yarda da hakan. Zuciya kuwa sai daren 24 ga wata muke tunawa da ita, in ma mun tuna, lokacin da gajiya ta riga ta gama da mu.

1. Abin da magabata suka bar mana

Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar da aka haifi Yesu ba. Rubutu mafi daɗewa da ya nuna ana bikin a ranar 25 ga Disamba daga birnin Rum ya fito, yana nuni da shekara ta 336. Ba a jima ba ikilisiya ta gane cewa babban biki yana bukatar share fage. A shekara ta 380 wani taron bishop-bishop a Saragosa ta ƙasar Sifen ya umarci masu bi kada su yi fashin zuwa majami'a daga 17 ga Disamba har 6 ga Janairu. A ƙarni na biyar Bishop Perpetuus na birnin Tours a Faransa ya sa a riƙa azumi kwana uku a kowane mako, tun daga 11 ga Nuwamba har Kirsimeti. Daga baya a Rum aka tsayar da Lahadi huɗu, kuma a kan haka Katolika da Anglikan da Lutheran suke har yau. Wannan lokaci, wanda littattafan sujada ke kira Adbent, yana farawa tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, shi ne kuma mafarin shekarar ikilisiya.

Wanda ya shiga majami'ar Katolika a waɗannan makonni zai ga Fada sanye da shunayya, launin da ake sawa a azumin kwana arba'in kafin Ista, wato launin tuba. Zai kuma lura an ajiye waƙar ɗaukaka, wadda ta samo asali daga abin da mala'iku suka rera wa makiyaya. Da gangan ake hana kunne jin ta har mako huɗu, don in aka ɗaga ta a daren Kirsimeti ta shiga jiki.

Masu cewa wannan duk al'adar Turawa ce su dubi gabas. Kibɗawan Masar suna azumin kwana 43 kafin Kirsimetinsu na 7 ga Janairu, babu nama, babu madara, babu ƙwai. Kiristocin Habasha ma haka suke. Waɗannan ikilisiyoyin Afirka ne da suka girmi zuwan mishan ƙasar nan da shekaru sama da dubu, kuma 'yan'uwanmu da suka zauna a Khartum ko Alƙahira sun gan su da idonsu. Abin da za a iya kira na Turawa shi ne kyandirori huɗu da ake kunnawa ɗaya bayan ɗaya, kuma su ma asalinsu mai taɓa zuciya ne. Wani fasto Bajamushe, Johann Hinrich Wichern, yana riƙon yara marasa galihu a Hamburg, kullum suna damunsa da tambayar yaushe Kirsimeti zai zo. A 1839 ya ɗauki tsohuwar ƙafar amalanke ya jera mata kyandirori, ƙanana na ranakun mako, manya huɗu na Lahadi, don yaran su koyi jira suna ƙirgawa.

2. "Mu ba ma yin wannan a cocinmu"

Na san amsar da da yawa za su ba ni. Majami'unmu na bishara, irin su ECWA da Baftis, da kuma na Fentikos, ba su cika bin wannan kalanda ba. Mishan ɗin da suka kafa yawancinsu sun fito ne daga gidajen da ke ɗari-ɗari da duk abin da ya yi kama da al'adar da ba a rubuta a Littafi ba, kuma tsoronsu yana da dalili: mutum na iya kunna kyandir huɗu zuciyarsa na nan a duhu. Ba na roƙon kowa ya sayi shunayya ko ya ari tsarin sujadar wani. Amma babu cocin da zai ce tuba ba ta cikin Littafi, ko biyan haƙƙi, ko neman gafara. Wanda ya ƙi sunan, to ya riƙe aikin. Abin da ya faru da mu shi ne mun jefar da sunan da aikin gaba ɗaya, muka riƙe shinkafa.

Mu da muke zaune katanga ɗaya da Musulmi bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Maƙwabtanmu ba sa tsallake Ramadan su faɗa Ƙaramar Sallah. Wata guda ake yi ana ƙishirwa, ana tashi da dare, ana karatu, sannan kafin a tafi idi a fitar da zakkar fidda kai don talaka ma ya ɗora tukunya ranar. Duk wanda ya ga fuskar mai azumi ranar Sallah ya san daɗin ya yi zurfi ne saboda abin da ya gabace shi. Magabatanmu a bangaskiya sun san wannan sarai, mu ne muka manta.

Akwai amsa ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi a wurina. Wani zai ce talaka ya sha wuya wata goma sha ɗaya, a bar shi ya ji daɗi a na sha biyu. Gaskiya ne. Sabuwar riga a jikin yaro ba zunubi ba ce, ƙamshin miyar kaza a gidan da bai ga nama ba tun Ista alheri ne daga Allah. Ni ma ina son biki, ina kuma son ya yi armashi. Sai dai a tsarin da aka bar mana, bikin yana farawa ne ranar 25 ya ɗauki kwana goma sha biyu, har zuwa 6 ga Janairu da ake tuna zuwan masanan nan daga gabas. Mu kuwa mun juya abin. Tun farkon Disamba muke cin bikin, ranar 25 da yamma kowa ya galabaita, ranar 27 aljihu ya bushe, ga kuɗin makaranta na jira a Janairu.

3. Yohanna maganar dukiya ya yi

A majami'un da ke bin kalandar, Lahadi ta biyu da ta uku na Yohanna Mai Baftisma ne, mutumin jeji mai rigar gashin raƙumi, wanda aka aiko ya shirya hanya. Ina so mai karatu ya buɗe Luka sura 3 ya duba da kansa abin da ya faru da mutane suka zo bakin Kogin Urdun suna tambayarsa abin da za su yi. Ƙungiya uku ce ta yi tambayar. Ga taron jama'a, ya ce mai taguwa biyu ya ba wanda ba shi da ita, mai abinci ma ya yi haka. Ga masu karɓar haraji, ya hana su karɓar fiye da abin da aka ƙayyade. Ga sojoji, ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya ce albashinsu ya ishe su. Amsa uku, dukansu a kan dukiya. Bai tura kowa ya ƙara kwanan dutse ba, bai ce a ƙara ƙarfin waƙa ba. Mutumin da Allah ya aiko musamman don shirya zukata, da aka tambaye shi yadda ake shirin, aljihu ya nuna.

Saboda haka nake cewa shirin ruhaniya da ba a ganinsa a kasuwa, akwai alamar tambaya a kansa. A Disamba ne haƙƙin mutane ya fi yawa a hannunmu. Akwai yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye tana aikin gida tun Janairu, an ce za a tara mata kuɗinta, ranar tafiya sai a haɗa mata tsofaffin kaya a leda da kuɗin mota. Akwai leburorin da suka yanke shinkafa suka casa masara, an ce su jira a sayar, an sayar an sayi leshi. Akwai mai gadi, da mai wanki, da magini, da mai kai yara makaranta a babur. Littafin Firistoci sura 19 ya hana ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannun wanda ya sa shi aiki, ko da dare ɗaya ne. Yaƙub a sura 5 ya ce ladan da aka danne yana kuka, kukan kuma yana kaiwa kunnen Ubangiji. Mutum ya tsaya a gaban majami'a da babbar riga yana ba da baikon godiya, kuɗin mai gadinsa na wata uku na cikin ambulan ɗin. Wa ya yi wa godiyar?

Majami'u ma ba su tsira ba. Akwai masu bishara a ƙauyuka da malaman makarantun ikilisiya da ke shiga Kirsimeti da bashin albashi a kan hukumar da ta ɗauke su, a watan da ake sayen sababbin fitilun ado da labule. Dattawan da ke riƙe da asusu su fara da wannan kafin komai.

Sai 'yan kasuwarmu. Mudun da aka bubbuga gindinsa ya shige ciki, shinkafar gida da aka juye a buhun 'yar waje, man ja da aka sirka, kayan da aka ɓoye tun kaka ana jiran mako na uku na Disamba. Sai direban da ke ninka kuɗin mota ranar 23 ga wata. Kowa ya san tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 sufuri ya yi tsada, kuma motar da ta kai mutane ƙauye sau da yawa wayam take dawowa, don haka ƙari kaɗan yana da hujja. Amma akwai ƙarin da hujjarsa kawai ita ce fasinja ba shi da yadda zai yi. Sai mai kaki a shingen hanya da ke miƙo hannu yana neman "na Kirsimeti", da ma'aikacin ofis da takardar mutum ba ta motsi a teburinsa sai an sa mata ƙafa. Da yawansu sunayensu Bitrus ne da Bulus da Istifanus, da yawansu mawaƙa ne a majami'a. Su ne ainihin mutanen da Yohanna ya yi wa magana, kusan da sunan sana'arsu.

Ɗaya gefen kuma shi ne bashin da muke ci don bikin. A watan Yulin 2024 aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, kafin ƙarshen 2024 kuwa buhun shinkafa mai kilo 50 ya wuce wannan kuɗin a kasuwanni da dama. Duk da haka magidanci zai je ya ciwo bashi da ruwa, ko ya danna manhajar bashi a waya, irin waɗanda in ka makara suke aika wa duk wanda ke cikin wayarka saƙon tozarci, don kawai kada maƙwabta su ce bana gidan wane ba a yi komai ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ban ce kada a ci don magani ko makaranta ba. Amma bashi don a burge mutane kwana ɗaya, kwaɗayi ne, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala. A tuna da iyalin da ake bikin dominsu. Da Yusufu da Maryamu suka kai jaririn Haikali, tantabaru biyu ne hadayarsu, abin da Doka ta yarda wa matar da ba ta da halin ɗan rago. Gidan da ya yi Kirsimeti da mudu biyu da kifi busasshe, babu bashin kowa a kansa, ba shi da abin jin kunya ko kaɗan.

4. Gaba a cikin gida

Daga 20 ga wata motoci za su fara kwarara zuwa Zonkwa da Kagoro, Pankshin da Langtang, Zuru, Biliri, Numan, Michika, Garkida. Gidajen da suka yi shekara shiru za su cika. A nan ne kuma tsofaffin raunuka ke tashi: gonar gado da wa ya cinye, gwauruwar da dangin miji suka kwashe mata kaya tun ba a share makoki ba, ƙanin da aka yi wa gori a taron biki, kishiyoyin uwa da suka bar wa 'ya'ya gaba. Za a ci daga tukunya ɗaya, a je sujada ɗaya, a ɗauki hoto ɗaya, kowa ya koma birni da abinsa a ciki.

Yesu ya yi magana a kan wannan a Matiyu sura 5, kuma tsarin da ya bayar yana da tsauri: wanda ya kawo baiko ya tuna ɗan'uwansa na da ƙara a kansa, ya ajiye baikon tukuna, ya je su shirya, sannan ya dawo. Sulhu ne a gaba, baiko a baya. A lura kuma, wanda ya tuna shi ne zai tashi, ko shi ne babba. Mu kan ce ai ni ne wa, shi ya kamata ya zo. Girman kai rawanin tsiya ne, ya kuma raba gidaje da yawa fiye da yadda talauci ya raba.

Yanzu an samo wata hanya mai sauƙi: a rubuta a WhatsApp cewa duk wanda na ɓata wa a wannan shekara ya yafe mini, a tura wa mutum ɗari. Wannan ba ya warkar da kowa, don wanda aka cuta ya san sunansa, ya san abin da aka yi masa, yana kuma jira a ambata. Zumunta a ƙafa take, neman gafara ma haka. Katolika suna da ranakun furta zunubi na musamman a waɗannan makonni, Fada-fada daga majami'u maƙwabta sukan taru don layin ya yi sauri, abu ne mai kyau ƙwarai. Amma ko Fada zai gaya maka cewa wanda ya ci kayan wani sai ya mayar.

A nan dole in ja hankalin shugabanni. Kada a mai da sulhu sandar dukan wanda aka zalunta. Sau da yawa matar da ake duka, ko maraya da aka cinye wa gado, su ake tarawa a ce su yi haƙuri saboda Kirsimeti, azzalumin kuwa yana zaune a kujerar gaba. Yafewa aikin wanda aka cuta ne, a lokacin da Allah ya ba shi iko. Aikin dattawa shi ne su sa mai laifi ya daina, ya kuma mayar da abin da ya ɗauka.

5. Majami'a ta cika da hidima

Dubi allon sanarwa na kowace majami'a a Disamba. Godiyar kaka da gwanjonta, karol na mawaƙa, karol na zumuntar mata, karol na matasa, karol na gunduma, gasar waƙa, taron ƙarshen shekara na kowace ƙungiya, ɗaurin aure kowace Asabar, ga ambulan na bin ambulan. Mawaƙa suna gwaji har dare, muryoyi sun dushe da hazo. Fasto na gudu daga wannan taro zuwa wancan, wa'azin Kirsimeti kuma sai daren ranar zai zauna ya haɗa. Duk hidimar Allah ce, amma mutum na iya yin wata guda a harabar majami'a bai samu minti goma da ya yi shiru a gaban Allah ba.

Sujadar karatu tara da waƙoƙi da muke ƙauna, a Truro ta Ingila aka fara ta a jajibirin Kirsimetin 1880, a hannun Bishop Edward Benson. Karatun ne ƙashin bayanta: a fara daga faɗuwar Adamu a Farawa, a bi ta alkawarin da aka yi wa Ibrahim da annabcin Ishaya, har a iso Baitalami, don mai sauraro ya ji tsawon jiran da duniya ta yi. A wurare da yawa yanzu karatun ake yi da gudu, mutane na hira, a ba babban baƙo karatu na tara don girmamawa, sannan a ɗauki sa'a guda ana sanar da gudummawar manya. Labarin Kirsimeti kuwa da shiru ya fara. Zakariya firist ya yi watanni bakinsa a rufe har aka haifi Yohanna. Yusufu ko kalma ɗaya tasa ba a rubuta ba. Maryamu an ce tana ajiye al'amuran a zuciya tana tunani a kansu.

Me zai hana majami'a ta keɓe yamma ɗaya a mako, babu lasifika, babu baiko, babu sanarwa, a karanta nassi a zauna a yi addu'a? A kuma duba matan da ke kwana a bakin murhu suna suyar cincin da nama, har sujadar safiyar Kirsimeti ta wuce su. Idan maza da samari suka kama aikin, iyayenmu mata ma za su samu rabonsu na ranar.

6. Kyautar da ba ta zubar da mutunci

Disambar 2024 ta bar mana darasi mai ɗaci. Ranar 18 ga wata yara 35 suka mutu a turmutsutsu a wani taron yara a Ibadan. Ranar 21 mutum 10 suka mutu a wajen rabon abinci a wata majami'a a Maitama ta Abuja, wasu 22 kuma a Okija ta Jihar Anambra a wajen rabon shinkafa. Masu rabon alheri suka nufa, yunwa ce ta tara jama'ar da ta fi ƙarfinsu, alhakin yunwar kuma yana wuyan masu mulki. Amma mu ma akwai abin da za mu gyara. Kyautar da ake tarawa sai rana ɗaya, a yi shela, a jera mabukata a rana ana ɗaukar hotonsu don Facebook, tana da haɗari, tana kuma ci wa mutum mutunci. Kowace majami'a ta san gwaurayenta da marayunta da tsofaffinta gida-gida. A fara tun makon farko, a kai musu da yamma, mutum biyu sun isa, babu kyamara. Yesu ya ce a yi sadaka a ɓoye, har hannu ɗaya kada ya san abin da ɗayan ya yi.

Kwanon da ke tsallaka katanga zuwa gidan maƙwabci Musulmi, wanda shi ma nasa ke tsallakowa da Sallah, kada a bari ya mutu. A garuruwan da rikici ya raba unguwanni, yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganin wannan ba. A Kaduna, Fasto Yohanna Buru ya yi shekaru yana karɓar Musulmi a majami'arsa ranar Kirsimeti, abin da ke nuna cewa igiyar ba ta tsinke ba tukuna.

7. Waɗanda jira ya zame musu gaske

Akwai gidajen da Disamba ke zo musu da faɗuwar gaba. A jajibirin Kirsimetin 2010 bama-bamai suka tashi a Jos. Ranar Kirsimetin 2011 aka kai hari majami'ar Katolika ta Madalla, mutane na fitowa daga sujada. Daga 23 zuwa 25 ga Disambar 2023 aka afka wa ƙauyuka a Bokkos da Barikin Ladi, aka kashe mutum fiye da ɗari. A Chibok akwai iyayen da tun Afrilun 2014 suke sauraron ƙafar 'ya'yansu. Ga waɗanda ke sansanonin gudun hijira, ga waɗanda nasu ke hannun masu garkuwa a daji.

Idan Kirsimeti kiɗa ne da ci kawai, waɗannan ba su da wurin zama a cikinsa. Makonnin jira su ne ke ba su wuri, don karatunsu na mutanen da ke cikin duhu ne suna kiran Allah ya zo. Saminu tsoho ya yi ta jira a Urushalima har ya riƙe jaririn a hannunsa. Hannatu gwauruwa ba ta rabuwa da Haikali, tana azumi da addu'a har tsufa. Labarin kansa yana da Hirudus a ciki, da iyaye mata masu kuka a Baitalami, da iyali da suka gudu Masar da dare. Lahadin farko ma ba ta maganar jariri, maganarta dawowar Almasihu ce a matsayin mai shari'a, kuma ga wanda aka kashe wa nasa babu wanda aka hukunta, wannan ba ƙaramar ta'aziyya ba ce. Addu'a ba ta ɗauke wa gwamnati nauyin tsare rayuka, dole a ci gaba da faɗa mata da babbar murya. Amma majami'ar birni da ke zaune lafiya, ta ambaci waɗannan garuruwa da sunansu a addu'a, ta kuma aika musu da wani abu daga kuɗin ado.

Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, yanzu ma yana cikin wayar kusan kowa. Bisharar Luka sura 24 ce, daidai da kwanakin da ke tsakanin 1 ga Disamba da jajibiri. Iyalin da suka karanta sura ɗaya kowane dare bayan tuwo, za su iso ranar sun san wanda ake yi wa bikin, tun daga komin dabbobi har kabarin da aka tarar babu kowa. Wanda ya makara ya fara daga inda wata yake.

Roƙona ga fastoci da Fada-fada da dattawa shi ne, a Lahadin nan ku faɗa daga bagade, da Hausar da kowa zai gane, cewa duk mai riƙe da ladan wani ya biya kafin ya kawo baikon godiya. Kai kuma mai karatu, in akwai wanda kake riƙe da haƙƙinsa, ko wanda kuka daina gaisawa, ka san gidansa. Ka je a makon nan, tun motoci ba su fara lodi ba.